Ragon da Kamus Ya Fassara

A layinmu babu takardar Turancin da za ta shigo ba ta bi ta hannun Kamus ba. Shekara ashirin da biyu ya yi yana masinja a wani ofis, yana kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan, kuma a faɗarsa duk Turancin da ke cikin fayilolin nan ta hammata ya shige shi. Da ya yi ritaya sai ya kafa zama a bencin ƙofar Mai Aski, sanye da tsohon kwat ɗinsa na ofis, da biro uku a aljihu, biyu ba sa rubutu. Nan yake karanta wa mutane takardar magani da ta gidan waya. Shi ya taɓa fassara wa Tela takardar sabon keken ɗinki, keken ya yi wata guda yana ɗinki da baya. Kamus ya ce laifin kamfanin ne, su ne ba su iya Turancinsu ba.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, sai ga ƙanin matarsa, wanda ke gadin makarantar firamaren da ke bayan kasuwa, ya iso a kan keke yana haki, da 'yar takarda a tafin hannu duk ta jiƙe da gumi.

"Yaya, ka rufa min asiri," in ji Maigadi. "Yau da ƙarfe huɗu iyaye za su taru a makaranta, 'yan aji biyu za su yi wasan dabbobin gida. Shugaba ta ce in aro mata rago guda da yara za su tsaya kusa da shi. Ta faɗi irin wanda take so, amma lokacin ana buga ƙararrawa, ban ji ba. Shi ne ta rubuta min."

"Me ya hana ka ce ta maimaita?"

"Ba ka san matar nan ba, Yaya. Makon jiya na bar ƙofa a buɗe, awaki suka cinye mata furanni. Ta ce kuskure ɗaya ya rage min."

Kamus ya karɓi takardar, ya nesanta ta da fuskarsa, ya matso da ita, ya sake nesantawa. Kalma huɗu ce a ciki. Uku ya san su. Ta huɗun, wadda aka ja wa layi biyu a ƙasa, bai taɓa tsayawa ya tambayi ma'anarta ba: docile.

"Do-ci-le," ya karanta da ƙarfi, kamar yadda ake karanta Hausa. "Ai wannan ƙaramar kalma ce. Irinta muke karya kumallo da ita a ofis. Matso ka gani. Do, wato yi. Wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani. Ci kuma ba sai an faɗa maka ba, a wurinmu Turawa suka are ta, har yau ba su mayar ba."

"To le ɗin fa?" in ji Mai Aski, yana riƙe da kan wani mutum da ya zo aski.

"Le ado ne, kamar maɓallin hannun kwat. Ba ya rufe komai, amma in babu shi kwat bai cika ba. Sai ka haɗa: rago mai yi, mai ci. Wanda in ya shiga faɗa ba ya fitowa sai da nasara."

Maigadi ya sosa ƙeya. "Yaya, yara ne fa. 'Yan shekara bakwai."

"Shi ya sa ta ja layi biyu. So take su ga jarumta tun suna ƙanana."

Daidai nan Mai Kemis ya zo wucewa da kwali a kafaɗa. Ya leƙa takardar ya ce, "Ba haka ake faɗarta ba, Malam. Dosayil ake cewa. Ma'anarta kuma..."

"Kun ji ko!" Kamus ya bugi cinya. "Dosa! Mai dosar abu kai tsaye, ba kwana. Ka karanta ta da bakinmu, ka karanta ta da bakinsu, ragon faɗa ne."

"A'a, tsaya ka ji..."

"Likita, na taɓa shiga shagonka na koya maka yadda ake auna maganin tari? Kowa ya tsaya a kan sana'arsa."

Wata mata tana ta ƙwala wa Mai Kemis kira daga ƙofar shagonsa, sai ya ɗaga kafaɗar da ba kwali a kanta ya wuce.

Kamus ya miƙe ya gyara kwat. Kafin su kai ƙarshen layi ya gama tsara yadda ranar za ta ƙare. Shugaba za ta ga rago, ta tambayi wanda ya gane mata wannan kalma mai wuya. Maigadi zai nuna shi. Za a ba shi abin magana ya yi wa iyaye jawabi. Gobe war haka an ba shi aji.

"Ba zan karɓi ƙananan aji ba," ya gargaɗi Maigadi. "Daga biyar zuwa shida. Sauran malaman ma zan riƙa duba su ranar Laraba."

Garken Mai Raguna yana bayan gareji. Da ya ji aron na makaranta ne, sai ya nuna musu wani farin rago mai ƙiba, yana kwance a inuwa yana tuƙa, kaza na tsaye a gadon bayansa. Maigadi ya miƙa hannu, ragon ya lashe shi.

"Ga naku," in ji Mai Raguna. "Jikata ma hawansa take yi."

Kamus ya zagaya ragon, ya zungure shi da takalmi. Ragon ya lumshe ido.

"Wannan ai katifa ce mai ƙaho. Ko ƙwayar docile babu a jikinsa."

"Ko ƙwayar me?"

"Turanci ne, ba zai shige ka ba."

Sai suka ji garam! daga wani ɗan ɗakin langa-langa a kusurwa. Bangon ya kumburo waje daidai girman kai.

"Wane ne a can?"

"Ba-Birki ne," in ji Mai Raguna. "Ba na nuna shi ga mutanen da nake jin kunyarsu."

Kamus ya leƙa ta ramin ƙusa. Baƙin rago ne, idanunsa jajur, ƙaho ɗaya ya murɗe zagaye biyu, ɗayan ya karye a rabi.

"Ina rabin ƙahon?"

"Yana jikin ƙofar motar wani direba. Da shi ya tafi."

"Alhamdulillahi," in ji Kamus. "Docile ke nan tun daga ƙaho har kofato. Shi muke so."

Mai Raguna ya dubi Maigadi. "Me kuka haɗa da wannan bawan Allah?"

"Mijin yayata ne."

"Allah ya ƙara mata haƙuri." Ya juya ya kira wasu makanikai biyu daga gareji. "Ku zo ku taya mu, ku kuma zama shaida. Ni farin na ba su."

Sai da mutum huɗu suka taru kafin a sa wa Ba-Birki igiya. Fizgar farko da ya yi, igiyar ta sulle daga hannun Kamus ta bar masa tafi yana raɗaɗi. Sai ya naɗa ta a ƙugunsa a kan kwat, ya yi mata ƙulli uku.

"A ofis," ya ce, "fayil ɗin da ba ka so ya ɓace, a jikinka kake ajiye shi. Kai Maigadi, koma bakin ƙofarka, kada a neme ka a rasa. Ni zan biya gida in yi masa wanka. Ba za a shiga gaban iyaye da warin garke ba."

Maigadi ya hau keke yana waiwaye har ya kusa faɗawa kwata.

Abin da ya faru a gidan Kamus, ta kan katanga muka gani, don ihun farko ya fito da duk maƙwabta. Matarsa ta gama wanki ke nan, ta cika igiyar shanya biyu, tana zubar da ruwan ɗauraya, sai ga rago ya shigo, mijinta na biye da shi da ɗan gudu.

"Baban yara, wannan fa?"

"Baƙon makaranta ne. Kawo min bokiti da sabulun gari."

"Baƙon naka bai iya sallama ba? Ga shi yana cin tsintsiyata."

"Yana duba gida ne. Kawo ruwa."

Da aka zuba masa ruwan farko Ba-Birki ya tsaya cik, kamar abin ya yi masa daɗi. Kamus ya naɗe hannun kwat, ya shiga cuɗa shi yana yi masa Turanci. Kumfa ta taru ta gangaro daga tsakanin ƙaho, ta shiga idon hagu.

Ragon ya yi tsalle ɗaya, bokiti ya tashi sama. Ya zagaya tsakar gida sau uku, Kamus na binsa, wani lokaci a kan ƙafa, wani lokaci a kan gwiwa. A zagaye na huɗu ya ratsa ta cikin shanya. Ya fito da shuɗiyar rigar matar gidan a rataye a ƙaho, Kamus kuma ya fito da rigar filo a ka. Ita kuwa tuni ta haye kan duron ruwa.

"Kwance igiyar, Malam!"

"In na kwance zai gudu!"

"Yanzu zama yake yi?"

Kamus ya cire rigar filon, ya samu ya rungumi sandar shanya. "Kin dai ga abin da ake nufi da docile. Da baki kawai na faɗa miki, ba za ki gane ba."

"Na ga abin da ake nufi da sabon wanki. Ka saurare ni da kyau. In ƙanina ya rasa aikinsa ta dalilinka, a ɗakinka zai tare, kai ka koma garke da baƙonka."

Sandar shanyar ta tuge. Rago ya ga ƙofa a buɗe, ya dosa.

"Rigata!" in ji matar. Ta diro daga duro, ta ja mayafi, ta bi su.

Mai Aski ya fito da babban madubinsa ƙofar shago ya jingine yana gogewa, ya bar wani mutum a kujera da rabin aski. Ba-Birki ya zo wucewa, ya waiga, ya ga wani baƙin rago da shuɗiyar riga a ƙaho yana hararar sa. Ya tsaya. Ya ja da baya taku uku.

"Kada kowa ya motsa," in ji Kamus. "Gaisawa za su yi."

Ƙarar ta kai har kasuwa. Mai rabin aski ya fita ta taga da ƙyallen aski a wuya. Mai Aski ya tsaya riƙe da tsumma, yana kallon katakon madubi da babu komai a cikinsa sai bangon shago.

"Kamus! Madubin da na gada daga maigidana!"

"Ka gode ma, ka ga docile da idonka. Wasu sai sun je jami'a."

A ƙofar Tela akwai mutum-mutumin roba sanye da sabon kwat na wani mai ɗinki, an miƙa masa hannu ɗaya gaba. Ragon ya ɗauki hannun a matsayin tsokana. Duka ɗaya, kan ya gangara tsakiyar titi, gangar jikin ta faɗo wa Kamus a ƙirji. Kamus ya rungume ta, ya ce mata sori har sau biyu kafin ya lura ba ta da kai.

"Da yamma za a zo karɓar kwat ɗin nan!" in ji Tela, ya fito da awo a wuya.

"Ka ce masa an gwada ƙarfin ɗinkin, ya ci jarrabawa."

"Hannun ya fita!"

"Ɗaya ne. Ɗayan na nan daram."

Wurin Mai Faci ne aka samu sauƙi. Ragon ya tsallake kwandon ruwan da ake duba tiyub a ciki, Kamus bai tsallake ba, ya zauna a ciki tsamo-tsamo, baƙin ruwa ya fallatsa har kunne. Shi kuma Ba-Birki ya kai wa tarin tayoyi karo, sai wata tayar mota ta faɗo ta sarƙafe masa a wuya. Ya girgiza, ta ƙi fita. Ya yi ƙoƙarin gudu, nauyi ya hana. Ya yi atishawa, ya kama tafiya a hankali kamar mai dawowa daga gona.

Kamus ya tashi daga kwandon yana ɗiga, ya dubi jama'a. "Kun gani? Na yi masa magana da yaren da yake ji."

"Tayar mai mota ce, yana jira!" in ji Mai Faci.

"Ka biyo mu makaranta, a can zan sallame ka."

Haka aka jera. Rago a gaba da taya da riga, Kamus a bayansa, sai matarsa, sai Mai Aski da katakon madubi, sai Tela da kan roba a hammata, sai Mai Faci, sai mai rabin aski wanda ya ce ba zai koma gida a haka ba, duk inda Mai Aski ya sa ƙafa nan zai sa. Mu ma muka rufe ƙofofinmu muka bi.

An kafa rumfa a filin makaranta, an jera fararen kujerun roba, iyaye sun cika su. Yara na tsaye a layi da kunnuwan takarda, wasu kaji, wasu shanu. Shugaba, wata doguwar mata mai tabarau, tana zaune a tebur da furannin da suka tsira daga awaki a cikin kwalba. Maigadi ya buɗe ƙofa, ya ga ayarin.

"Yaya, su wane ne waɗannan?"

"Masoya ilimi ne. Kama nan mu cire tayar, tana ɓata masa kwarjini."

"Yaya, don Allah a bar ta."

Amma Mai Faci ya riga ya kama. Suka ja, taya ta fita, matar Kamus ta fizge rigarta. Ba-Birki ya miƙe wuya, ya juya shi hagu da dama kamar mai tashi daga barci.

Shugaba ta taso. Ta dubi rago, ta dubi mutumin da ke ɗaure da shi yana ɗigar baƙin ruwa, ta dubi Maigadi.

"Wannan ne ragon da na ce?"

Kafin Maigadi ya buɗe baki, Kamus ya wuce ta, ya ɗauki abin magana daga kan tebur.

"Iyaye da malamai, gud ibinin. An nemi rago docile, mutane da yawa sun kasa gane kalmar, har da wani mai sayar da magani. Ni na gane ta, domin ba baƙuwata ba ce. Shekara ashirin da biyu manajanmu yana nuna ni ga baƙi yana cewa, wannan shi ne ma'aikacin da ya fi kowa docile a ginin nan. Saboda haka da ni da ragon nan, jirgi ɗaya ya kwaso mu."

Wasu iyaye a layin gaba suka dubi juna. Wani mai jarida a hannu ya rufe fuskarsa da ita, kafaɗunsa na rawa. Kamus ya ɗauka tafi ne ke tafe, ya matsa kusa da lasifika don a fi jin sa. Lasifikar ta yi wata irin ƙara mai tsinin allura.

Ba-Birki ya ja da baya taku uku.

"Malamai, yara aji!" in ji Shugaba. Muryarta ba ta buƙatar lasifika. Kafin ka ce me, kaji da shanu sun shige aji, an turo ƙofa, fuskoki sun cika tagogi.

Lasifikar ce ta fara tafiya. Daga nan ragon ya shiga layin kujeru, iyaye na darewa gabansa, wasu a kan kujera, wasu da kujera a ka. Kamus na biye, yana ratsa duk inda rago ya ratsa, yana cewa "Eskiyus mi" ga duk wanda ya taka. Ragon ya zagaya sandar rumfa ta hagu, Kamus ya zagaya ta dama, igiya ta naɗe sandar. Suka ja tare. Rumfar ta yi tangal-tangal, ta durƙusa a kan layi uku na iyaye. Shugaba ta haye tebur, kwalbar furanni a hannu.

Maigadi ne ya ceci ranar. Ya tuɓe babbar rigar sanyinsa ta gadi, ya laɓe bayan tutar makaranta, da ragon ya zo wucewa ya jefa masa ita a ka, ya faɗa kansa ya rungume wuya. Da duhu ya rufe masa ido, Ba-Birki ya tsaya yana huci. Kamus ya iso daga baya ya zube kusa da su, takalmi ɗaya a ƙafa.

Iyaye suka riƙa rarrafowa daga ƙarƙashin rumfa. Babu wanda ya ji ciwo, sai hulunan da suka ɓata da wata jaka da ta samu ƙofa ta biyu. Shugaba ta gyara tabarau, ba ta sauko daga tebur ba.

"Malam, wa ya gaya maka ma'anar kalmar nan?"

"Ba a gaya min, ranki ya daɗe. Ni ke gaya wa mutane."

"To yau za a gaya maka. 'Yan aji biyu, kuna ji na?"

"Eee, Malama!" in ji tagogi.

"Docile shi ne mai sauƙin kai. Wanda in an ja shi zai biyo, in an ce ya tsaya zai tsaya, ba musu, ba gardama. Yanzu ku faɗa min, da kuka leƙo, wa kuka ga yana ja?"

"Rago!"

"Wa ke bi?"

"Baba mai kwat!"

Filin ya ɗauka da dariya. Mai Aski ya zauna a ƙasa da katakon madubinsa yana share hawaye.

"In an faɗe ta a kan rago ko doki ko kare," Shugaba ta ci gaba, "yabo ce, ana nufin yaro ma zai iya shafa shi. Irinsa na nema. In kuwa aka faɗe ta a kan babban mutum mai gemu, to rabinta ce yabo. Ɗaya rabin ana nufin ba shi da ta cewa, duk inda aka juya shi nan zai fuskanta."

Kamus ya ɗaga kai sama. Aka ga yana lissafi da ido.

"Shi ya sa ni kaɗai ake kira ranar hutu in wanke wa manaja mota?" ya ce a hankali. "Har a takardar sallama ya rubuta min ita. Na sa mata gilashi na rataye a falo."

"Au," in ji matarsa. "Ita ce baƙi ke karantawa su nemi fita waje su yi tari?"

"Ya isa," in ji Shugaba, ta sauko daga tebur. "Malam, za ka tayar min da rumfar nan."

"To, ranki ya daɗe."

"Za ka jera kujerun nan yadda ka same su."

"To, ranki ya daɗe."

"Za ka bi iyayen nan ɗaya bayan ɗaya ka ba su haƙuri. Da Hausa."

"To, ranki ya..."

"Docile!" in ji tagogi gaba ɗaya, yadda aka koya musu.

Kamus ya miƙe tsaye. Kunnuwansa sun yi zafi, kowa na gani. Ya ja kwat ɗinsa ƙasa, ya ɗaga haɓa, ya ƙudura a ransa duk abin da zai sake fitowa daga bakin matar nan, ko mene ne, sai ya ƙi shi.

"Amma kafin nan," in ji Shugaba, "tsaya a yanke maka igiyar nan daga ƙugu. Tela, ara mana almakashi."

"Na ƙi!"

Tela ya tsaya da almakashi a hannu.

"Yaya," in ji Maigadi daga ƙasa, "hannuna ya fara sagewa."

"Na ce na ƙi! Igiyata ce, ƙuguna ne. Shekara ashirin da biyu ina cewa to. Yau duk wanda ya taɓa ƙullin nan, ni da shi ne. A rubuta, a ja layi biyu!"

Shugaba ta dube shi ta saman tabarau. "Shi ke nan. Kowa ya ji, ya ƙi. Ku ba shi wuri."

Jama'a suka ja da baya. Kamus ya riƙe ƙugu yana juyawa, yana kallon kowa ido cikin ido, har da 'yan taga. Ya kai daƙiƙa biyar yana cin wannan sarauta. Sai Ba-Birki ya girgiza kai, rigar gadi ta zame, haske ya dawo masa, abu na farko da ya gani kuwa ƙofar makaranta ce a buɗe.

Ya doshe ta a guje, Kamus na biye. Takalmin da ya rage masa ma a bakin ƙofa ya tsaya. Muka bi su da ido har suka sha kwanar kasuwa, muna jiyo muryar Kamus tana ƙanƙancewa: "Na yarda! Tela, na yarda! Kawo almakashin!" Tela ya bi su a guje, Mai Aski ya bi Tela, mai rabin aski ya bi Mai Aski. Matar Kamus ta ninke rigarta, ta ɗauki takalmin, ta bi bayansu a hankali.

Maigadi ya tashi yana kaɗe ƙura, ya cire hularsa ya riƙe a hannu biyu, ya tsaya gaban Shugaba yana jiran hukunci.

"Kai ka kama shi," ta ce. "Wannan ya goge na awaki. Gobe in ba ka ji abin da na ce ba, ka tambaye ni, ko sau uku ne. Maza rufe ƙofar nan kafin su zagayo."

"To, ranki ya daɗe." Ya yi taku biyu, ya tsaya, ya juyo. "Ranki ya daɗe, wannan to ɗin da na ce yanzu, shi ma docile ne?"

"A'a," in ji Shugaba. "Wannan sunansa riƙe aiki. Sa sakata."